Ranar da Inna Ta Ce Ba Ta San Ni Ba

Ni ne ɗan fari a ɗakinmu, saboda haka tun da nake ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. In tana nemana sai ta ce a kira mata wancan. In an yabe ni a gabanta, sai ta tashi ta hau neman tsintsiya. Na san alkunya ce, amma abin yana yi mini ciwo, har da gemuna.

Bayan na gama karatu na zauna Talata Mafara ina jiran aiki, ina kuma ba mutane shawarar da ba su nema ba a kan 'yan damfarar waya. Rannan sai ga kira. Mutumin ya gaishe ni gaisuwa irin tamu, gida da iyali da gajiya da damina, har ya tambayi dabbobin da ba ni da su. Ya ce sunana ya fito a aikin kula da ban ruwa wajen Bakura. Ni da nake tsammanin ɗan damfara zai zo da gaggawa da karyayyar Hausa, nan take na saki jiki. Na ba shi lambar katin ɗan ƙasa, da ta banki, da ranar haihuwa, har ina maimaita masa a hankali kada ya yi kuskure.

Ya ce saura wasu lambobi da za a turo ta layin da na buɗe asusu da shi. Layin kuwa na daɗe da bar wa Inna a Morai. Na karanta masa lambarta, na ce ya kira ta ta sa a duba masa. Na tafi wajen tela a gwada ni, a ɗinka mini kayan fara aiki.

Ba a jima ba ya sake kira, babu gaisuwa wannan karon. Wai ya tambaye ta ko ita ce mahaifiyar wane, ya faɗi sunana cikakke, ta ce ba ta san shi ba ta kashe waya. Ya sake kira ba ta shiga.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ina fito da babur zan tafi Morai, maƙwabcina, wani Kirista ma'aikacin asibiti, ya tsayar da ni ya ji labari. Ya ce haka aka yi wa abokin aikinsa: aka kwashe albashinsa, aka kuma ci bashi da sunansa. Maimakon Morai sai banki, ina gumi, aka rufe asusun. Tela dai ya riga ya yanka yadi.

Washegari na je Morai, na sami Inna tana gyaran gero, wayar tana cikin kwalla a kashe. Na durƙusa na ba ta labari, na ƙara da cewa ashe ta fi ni gane ɓarawo.

Ba ta ɗago ba. Ta ce, “Ni ban san ɓarawo na ba. Mutum ban san gidansu ba, ya kama sunan da ni ban taɓa hwaɗi ba, in ce mishi i?”

Ta turo mini ƙwaryar fura da gefen hannu, ta ce wa bango a gaya wa wancan ya sha kafin ta yi tsami.