Mai Ƙwaƙwalwa Biyu Ta Fitar da Ni Kunya

Shekarar da ambaliya ta cinye shinkafar fadama, ofishinmu na aikin gona a Haɗeja ya ce kowane malamin gona ya nemi kwamfutar tafi-da-gidanka, don ɗaukar sunayen manoman da za a ba iri. Na je shagon wani mai sayar da na gwanjo, ya jera mini guda biyu. Ɗaya furosesarta, wato na'urar da ke sarrafa aikinta, mai ƙwaƙwalwa biyu ce, ɗayar mai huɗu. Ya yi ta zuzuta mai huɗun, wai ko bidiyo zan haɗa ba za ta yi gardama ba. Ni kuwa sunaye zan rubuta. Abu ɗaya na tambaye shi: wacce ta fi daɗewa ba a sa mata caji ba? Ya sosa ƙeya, ya nuna mai biyun.

Wani abokin aikina, da ya ɗauki mai huɗun, ya kwashe mako guda yana tsokanata, wai na sayo jaki a zamanin mota. Abin ya ƙona mini rai, amma na haɗiye.

Aka tura mu wani ƙauye can bayan Kirikasamma, inda sai da kwalekwale ake shiga, kuma babu wutar lantarki. Rana ɗaya tak aka ba mu. Duk wanda sunansa bai shiga ba, ba shi da irin noman rani. Muka zauna a gindin tsamiya, layi biyu. Kwamfutar abokin aikina akwai sauri kam, sai dai fankarta sai huci take, ta ɗau zafi kamar dutsen guga. Kafin azahar ta mutu murus.

Layinsa ya dawo gabana. Na rage hasken fuskar kwamfutata, na ce masa ya riƙa kira mini sunaye ina bugawa. Bai yi musu ba. Wallahi na ji daɗin ba shi wannan umarni, ba zan ɓoye ba.

Bayan la'asar alamar batir ta yi ja, mai kwalekwale yana ta yafito mu. Saura wani tsoho da ruwa ya kwashe masa gona kakaf. Na buga sunansa, na adana.

“'Yata, ya shiga?” ya tambaya.

Na juya masa kwamfutar, na karanta masa sunansa da na mahaifinsa. Na ce, “Baba, je ka gyara gonarka.”