Mai Koren Hijabi a Filin Tsere

A kasuwar Wurno kowa ya san idona. Aje buhun albasa can bakin titi, ni ina rumfa, in gaya maka ta Goronyo ce ko ta fadamarmu, har in faɗa maka ko mai gonar ya karya kumallo ranar da ya cire ta. Haka nake da mutane. In na ga ƙeyarka sau guda, ko Makka muka haɗu sai na gane ka.

Wata ranar kasuwa anka turo bidiyo a guruf ɗinmu na 'yan albasa. 'Yan matan wata makaranta ne a Rabah suna tsere, kowace da dogon wando da hijabi. Wata doguwa mai koren hijabi ta bar sauran a baya kamar akuyar da ta tsinke igiya. Nan take magana ta ɓarke: wannan ya ce tarbiyya ta mutu, wancan ya ce ina uwayensu. Ni kuwa ba a barina baya. Na danna waya na yi saƙon murya:

"Jama'a, wagga mai kore, ubanta shi kawo muna ita mu aza mata buhu ta kai Sakkwato! Wanda yab bar ɗiyatai tana zabga gudu gaban maza ai ɗan kallo na, ba uba ba!"

Rumfa ta kwashe da dariya. Kafin la'asar wani ya manna muryata a kan bidiyon. Ya je Goronyo, ya zaga Tursa, ya dawo wayata, ni ina ta jin daɗi.

Bayan kwana biyu yayata ta kira ni daga Rabah. Ita ke riƙon ɗiyata ta fari tun yaye. Kun san kunyar ɗan fari: ban taɓa faɗin sunan yarinyar ba, in ta durƙusa gaishe ni ƙasa nake kallo.

"Kai, mi kay yi?" in ji Yaya.

"Mi niy yi, Yaya?"

"Mai koren hijabin ga, ɗiyar wa ta?"

Innalillahi! Na zauna kan buhu na sake buɗe bidiyon. Ga doguwar ƙafar gidanmu. Ga karkata wuya irin na mahaifiyata. Shekara goma sha shida ina kawar da kai daga yarinyar nan, ranar da na kalle ta da kyau kuma ba'a na yi mata. Uban da na zaga, ni ne.

Ashe an zaɓe ta zuwa gasar makarantu a Sakkwato. Mijin Yaya, malami mai gudun abin magana, ya ce ta haƙura, tunda ubanta ya yi hukunci da bakinsa. Yara a hanya suna kiranta "mai buhu". Ko ɗiban ruwa ta daina fita.

Na hau kabu-kabu sai Rabah. Na zube a zauren mijin Yaya na ce, "Allah shi gafarta malam, surutu na irin nawa."

Ya ce, "Duniya kas shaida ma. Sai ka janye duniya ta ji."

Nan gabansa na yi sabon saƙon murya. Na ce mai koren nan ɗiyata ce, kalmar da ban taɓa furtawa gaban mutane ba, kuma da yardata take gudu. Wannan saƙon ba wanda ya manna shi ko'ina. Malam dai ya ji, ya sa hannu a takardar neman izini da makaranta ta aiko.

Yarinyar ta zo ta biyu a gasar Sakkwato. Ina tsakar gidan Yaya labari ya iso, na miƙe na ce ai gado ne, ni a zamanina zomo in ya hango ni kwanciya yake yi ya huta da wahala.

Yaya ko ɗagowa ba ta yi daga tankaɗe ba.

"Da kai tag gado," in ji ta, "da bakinta za ta yi tseren."