Cokalin Baba Tanko da Koren Tsani

Duk wanda ya san Baba Tanko a Gada Biyu ya san cokalin nan. Ɗan cokalin shayi ne, kullum yana soke a naɗin hularsa, kuma ban taɓa ganin ya juya shayi da shi ba. Aikinsa ƙwanƙwasa tsani. Ko a ina Baba ya hango tsani a jingine, sai ya zaro cokali, ya bi matakan ɗaya bayan ɗaya, ƙwas, ƙwas, kunnensa a manne da katako. In sautin bai yi masa ba, to tsanin nan ya gama yawo.

Shi ne mai kula da sito a kamfanin kuza da ya ɗauke ni aiki bayan bautar ƙasa, can wajen Rayfield. Ranar farko ya dube ni ya ce, "Ɗan jami'a, an koya muku tsani a can?"

Na ce ba a koya mana ba, sai dai ko ranar ban je ba.

"To ka shigo aji ɗaya."

Kun tuna abin da ya yi wa Isa kafinta? Isa yana kan kwanon wani gida yana buga ƙusa, Baba ya zo wucewa. Ya ƙwanƙwasa tsanin Isa, ya kwantar da shi, ya ɗauki zarton Isa da ke ƙasa, ya raba tsanin biyu.

"Baba! Ta ina zan sauko?"

"Zauna abinka. Nan da kake ya fi tsanin nan lafiya."

Sai da ya yi azahar, ya ci tuwo, sannan ya kawo masa nasa tsanin. Isa ya ce awa uku ya yi a rana. Ni ina zaton ba ta kai ba, amma ba na wurin.

Guntayen ma ba ya zubarwa. Mai kyau a ciki ya harhaɗa benci da shi. Bencinan da kuke ara in ana suna a unguwa, duk tsofaffin tsanuka ne.

Amma babbar dokarsa ita ce ba a shafa wa tsani fenti. "Fenti kwalliya ce," in ji shi, "tsaga take ɓoyewa." A kan dokar nan na kusa rasa aikina.

An ce kwamishina zai zo buɗe sabuwar rumfar injuna. Za a rufe allon suna da ƙyalle can sama, Danladi mai gyaran wuta ya hau ya yaye shi a gaban baƙi. Akwai wani dogon tsani da Baba ya ware zai yanka, sai zazzaɓi ya kwantar da shi kwana biyu. Kafin ya dawo, Oga manaja ya sa an shafe tsanin da koren fenti, yana ta ƙyalli.

Da safen ranar Oga ya miƙo mini takardar da ke cewa tsanin lafiya lau. "Sa hannu."

Lokacin wata na uku ke nan a gwaji, ba a tabbatar da ni ba. Na ce, "Oga, ina ganin, wataƙila, ko za a bari Baba ya duba?"

"Ko ka sa hannu, ko ka ɗauki digirinka ka nemi wani wurin."

Na ajiye biro ban sa hannu ba. Ba jarumta ba ce, Danladi kawai na tuna. Oga ya ce da sa hannuna da babu, za a hau.

Baƙi sun zauna, Danladi ya cire takalmi, ya kama tsani. Sai ga Baba yana turo baro da buhun kuza a ciki! Ya yi ƙwas, ƙwas, ya girgiza kai, ya russuna.

"Ranka ya daɗe, a yi mini haƙuri. Danladi yana da mata da 'ya'ya huɗu. Buhun nan ba shi da kowa. Bari shi ya fara hawa."

Ya ɗaura igiya, leburori biyu suka ɗaga buhun suka rataya a mataki na biyar. Ƙaras! Matakin ya karye, gefen tsanin ya dare, garin gara ya zubo har kan takalmin Oga.

Sai kwamishina ya tambayi wanda ya sa hannu a kan tsanin nan.

"Babu, ranka ya daɗe," in ji Baba, ya nuna ni da cokali. "Wancan ya ƙi."

Aka yi tafi, wallahi har da Oga. Baba ya kawo nasa tsanin marar fenti, Danladi ya hau ya yaye ƙyalle, ya sauko da ƙafafunsa. A makon aka tabbatar da ni. Baba ya yanka koren tsanin, ya tsinci ɗan abin da gara ta bari, ya yi wa Oga kujera 'yar tsugunno. Ni kuwa ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗan jami'a, ka wuce aji biyu."

A kan bencinansa muka zauna karɓar gaisuwar rasuwarsa makon jiya. Danladi yana gefena, 'ya'yansa yanzu biyar. Da zan tafi, Iya matar Baba ta aiko mini da cokalin a ƙulle cikin ƙyalle. Har yanzu kunnena bai kai nasa ba, amma ina ƙwanƙwasawa.

Allah ya jiƙan Baba Tanko. Yadda ya tsare bayinka daga faɗuwa, ya Allah, ka riƙe hannunsa, ka ɗaukaka shi zuwa Aljanna. Amin.