Majinyatan Diktora Batul

Duk wanda ya taɓa karya kumallo da marara, wato ɗanyar hanta da kayan ciki, a bayan kasuwar dabbobi ta Gadarif ya san Mudi, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon mahaucin nan da ke yayyanka ɗanyar hanta a faranti, ya matsa lemun tsami, ya watsa albasa da barkono, ya miƙo maka bai ɗago kai ba. Direbobin da ke ɗauko dawa daga Doka sukan ce da zarar ya danna hanta da babban yatsa ya san irin ciyawar da dabbar ta ci. Shi bai taɓa faɗin haka ba. Bai kuma taɓa musantawa ba.

Kakansa ya baro ƙasar Katsina da niyyar Makka, ya tsaya nan don noman riɗi na damina guda, har ya mutu bai ga teku ba. Mudi ya gaji wannan tsayuwar. Iyakar tafiyarsa garin Mafaza, nan kusa. In aka yi zancen hanya sai ya ce rumfarsa ba mai tsaro, ya yi ta faɗa har shi ma ya gaskata.

Shekarar da yaƙi ya koro mutanen Hartum suka cika makarantun gari, a ita ce idon matarsa Atika ya koma ruwan ɗorawa, gefen cikinta na dama ya yi tauri. Likita ya ɗauki hoto ya ce ƙari ne a hanta. Ƙaninta Haidar bai ɓata lokaci ba.

"Yaya Mudi, likita ya ce in an yi sauri ana iya yanke shi, amma ba a nan ba. Mu kai ta Bur Sudan. Na sami mota."

"A bari ta ɗan sami ƙarfi," in ji Mudi.

Cikin kwanakin nan Diktora Batul ta zo kasuwa neman wanda zai saya mata tumaki ya kuma kula da su. Likitar dabbobi ce, malamar jami'a, ta gudo daga Hartum da wata na'ura ƙunshe cikin bargo, ta bar kayan ɗakinta duka. An ba ta wani tsohon sito a bayan gari. Mudi ya tambaye ta aikin na'urar.

"Allura biyu ake sokawa cikin hanta, ya ammu, kawuna, sai a saki kahraba, wutar lantarki, bugu-bugu kamar ƙiftawar ido. Naman da ke tsakanin alluran ya mutu, jijiyoyin jini su tsira. Ba ƙuna, ba yanka. Don masu ƙari a hanta ake yi. Wata rana."

Mudi ya ji komai ban da kalmomi biyun ƙarshe.

Ya bar rumfarsa a rufe da safe, lokacin da ciniki ya fi, ya koma sharar kashin tumaki. Ba a barinsa shiga ɗakin na'ura. A bakin ƙofa yake miƙa tunkiya, a bakin ƙofa yake karɓarta a sume, gefenta a aske. Kullum Diktora ta iso sai ta leƙa garke tana dariya ta ce, "Kef al-ayyanin?" Yaya majinyatana? Ayyan a Larabcin garin shi ne mara lafiya, ba shi da wata ma'ana. Ita wasa take yi. Shi kuwa ya ɗauki kalmar ya kai gida.

Akwai wata tunkiya mai baƙin kunne da ta fi saura saurin miƙewa. Ba a jima ba ta kama cin dusa tana ture 'yan'uwanta.

"Da idona na gani," ya ce wa Atika, yana yi mata fifita a ƙarƙashin rumfar tsakar gida. "Jiya kwance, yau har tunkuyi. In aka gama da su, ke ce ta farko a mutane."

"Baban Iman, yanzu da tunkiya za ka sa ni layi? To ka gaishe min da ƙawata. Ka ce ta rage min wutar."

Ta yi dariya har ciwon ya tsayar da ita.

Haidar ya dawo, ya sake dawowa. A karo na ƙarshe bai ko zauna ba.

"Likitar tumaki, Yaya? Ita ta ce maka za ta taɓa mutum?"

"Ta ce lissa."

"Lissa tukuna ce! Yaƙin nan ma lissa bai ƙare ba."

"Matata ce, ya Haidar. Ba za a jijjiga ta a mota ba alhali magani na bayan gari."

Mutanen unguwa sun yaba masa. Suna cewa ga miji, ya rufe sana'arsa yana bin likitoci. Ba wanda ya tsaya ya tuna cewa Mudi da kansa ya zaɓi tumakin nan a kasuwa. Shi ya buɗe bakinsu, shi ya ja fatar idonsu, shi ya ƙi ramammu. In tunanin ya taso masa yana shara, sai ya ce ai Atika ma da ƙibarta take yawo shekaru ciwon na ciki. Sai ya ƙara ƙarfin tsintsiya. Garken ba ya warin ɗakin mara lafiya, kuma daga garke ba a hawa mota zuwa ko'ina.

Diktora ma ta san matarsa na kwance, ya gaya mata ranar da ta ce lissa. Tana buƙatar tumaki masu ƙoshi, domin sakamakon aikin nan ne kaɗai zai iya sama mata wuri a wata jami'a a ƙasar waje, ita da 'ya'yanta da ke kwana a aji. Ba ta taɓa samun mai kiwo irinsa ba. Ba ta tambaye shi dalili ba.

Wata safiya bayan ruwa, laka na kama takalmi, ta ce, "Ammu Mudi, yau ka zo da wuƙarka? Mai baƙin kunne za mu yanka."

"Wadda ta warke?"

"Sai na ga hantar da idona."

Ya fuskantar da tunkiyar alƙibla, ya yi bisimilla. Hannunsa ya yi aikin da ya saba. Da ya zaro hantar ya ɗora a faranti, ya danna ta da babban yatsa. Sumul take, ja, bakinta siriri, irin wadda yake ɓoye wa manyan masu saye. Sai wuri guda a tsakiya, fari-fari, kamar faɗin bakin finjalin jabana, ɗan kofin gahawa. Ya juya ta. Ya sake juyawa.

"Ina ƙarin?"

Diktora ta riga ta sunkuya da ma'auninta a kan farin wurin, fuskarta ta washe. "Dubi gefensa, kamar an zana! Jijiyar ma ba ta... Wane ƙari?"

"Ciwon da kika kashe."

"Ba su da ciwo, ya ammu. Lafiyayyu ake fara gwadawa, a ga iya inda wutar ke ci. Wa ya ce maka suna da ciwo?"

"Ke. Kullum da safe."

Ma'aunin na hannunta, ba ta ajiye shi ba.

Mudi ya wanke wuƙarsa ya tafi neman Haidar a tashar lori, ya ce a kawo motar. Haidar ya dube shi ya ce:

"Shekaranjiya na kai ta wurin likita kana garke. Ya ce yanzu ba wurin da za a yanka."

A gida ya tarar da ita kwance a gadon igiya, ƙafafunta sun kumbura, 'yarsu Iman ta fita ɗebo ruwa.

"Ya ƙawata?" in ji Atika.

Ya zauna a ƙasa. Ya faɗa mata duka, yana kallon tabarma.

"Na sani," ta ce. "Ni matar mahauci ce. Mai ciwon hanta ba ta tunkuyi a kan dusa. Dube ni, ko ruwa da ƙyar."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Da na faɗa za ka shiga motar?"

Ta miƙa hannu ta karɓi maficin daga wurinsa, ta ci gaba da yi wa kanta fifita.

An binne Atika kafin a fara yankan riɗi. Diktora Batul ta zo gaisuwa, ta zauna cikin mata, ta tafi da wuri. An ce yanzu tana ƙasar waje.

Mudi ya buɗe rumfarsa. Har yau yana yayyanka hanta, yana matsa lemun tsami. Wani lokaci direba yakan nuna wa baƙo shi, ya ce wannan da ka gani ba irin ƙoƙarin da bai yi wa matarsa ba, har wurin masu kahraba ya je. Mudi yana ji. Sai ya miƙo farantin, kansa a ƙasa.