Kwanon Baƙo

A Badafi aka haife ni, ƙasar Kiru, aure ne ya kawo ni nan gindin duwatsu a ƙasar Doguwa, yau shekara arba'in da wani abu. Unguwarmu gida tara ce. Abin da na fara koya da na zo shi ne babu gidan da ya haɗa komai nasa. Babban turmi a gidanmu yake, tukunyar biki tana wurin matar liman, tsani yana gidan mai unguwa. Shanun huɗa na Bafulatanin bakin rafi ne, shi ma in ya tashi yaɓe mazanmu ne ke kwaɓa masa ƙasa. Wanda ke so ya zo ya ɗauka, in ya gama ya mayar.

Sai kuma kwanon baƙo. Idan baƙo ya sauka a wani gida, sauran gidajen takwas kowanne zai aiko da kwanon abinci, rana da dare, har kwana uku. Ba a sanarwa, ba a roƙo. An ga baƙon takalmi a bakin zaure, shi ke nan, mata sun ƙara tsaba a tukunya. Kwanon kuma wankewa ake yi a mayar da shi haka, ba a sa komai a ciki, don ba ciniki ba ne.

Na taɓa ganin abin da ake yi wa wanda ya ci amanar wannan zama. Wani mutum ya ari shanun huɗa da sunan gonarsa, ashe ya kai su wani ƙauye ya yi ƙodago da su. Ba wanda ya zage shi. Sai dai duk abin da iyalinsa suka je aro, a ce musu, "Ayya, yanzun nan aka ɗauka." Matarsa ta haihu, tukunya ba ta samu ba. Damina biyu ya yi ya kwashe iyalinsa ya koma Tudun Wada. Ni da idona na ga an ɗora kayansu a mota, ba wadda ta fito rakiya.

Autana ne ya kawo mana sabon abu. Ya gama karatunsa a Kano, aiki bai samu ba, ya dawo yana noman masara da dankali. Shi ya lura cewa da zarar ruwa ya ɗauke, mutanen birni na zuwa da motoci kallon duwatsu da inda ruwa ke zubowa daga saman dutse, su koma a ranar don ba wurin kwana. Wata rana bayan la'asar ya zo ya durƙusa.

"Inna, ɗakunan Baba biyu na ƙofar gida, tun rasuwarsa ɓeraye ke kwana ciki. Ki ba ni izini in gyara, in sa hotonsu a waya. Mai son kwana ya biya ya kwana."

Na ce, "Gidan ubanka za ka mayar tasha?"

"Ba tasha ba, Inna. Yanzu haka duniya ke yi. Mai ɗakin da ba ya amfani da shi ya ba wani, mai mota ya ɗauki wani. Ai irin zaman da kuke yi ne a unguwar nan."

"Mu ba ma karɓar ko sisi."

Na dube shi, ga mata, ga goyo, ga takin zamani ya fi ƙarfin talaka. Na yarda, amma na kafa sharuɗɗa: namiji ba zai wuce zaure ba, ba shan taba, kuma ko leda ɗaya na gani a ƙasa na kori mai ita. Na ɗauka na toshe kowace kafa. Kwanon baƙo ko a raina bai zo ba.

Baƙin farko wani malamin jami'a ne da matarsa. Da hantsi suka iso. Azahar na yi, ina zaune ina gyaran kuɓewa, sai sallama. Kwanon gidan liman. Ban rufe baki ba, ga na gidan mai unguwa. Kafin a yi salla kwanuka takwas sun jeru a tsakar gidana, har da ƙwaryar nono daga bakin rafi. Mutanen nan sun biya kuɗin kwana da na ci, ga maƙwabta sun ciro daga rumbunsu sun kawo don Allah.

Na kira yaron na ce, "Ka ga abin da ka jawo?"

"Inna, ni ban roƙi kowa ba."

"Shirun naka roƙo ne. Je ka gaya musu."

"In ce me? In ce ku daina alheri? Bari dai waɗannan su tafi, zan san yadda zan yi."

Laifina a nan yake, ba zan ɗora wa yaro shi kaɗai ba. Ni ce babba, ni ce ke da ƙafar shiga kowane gida. Amma kunya ta riƙe ni, na ce sau ɗaya ne, zai wuce.

Matar malamin nan ba ta zama. Duk inda na sa ƙafa tana baya da tambaya. Ina ake kai toka? Gona. Dusa fa? Awaki. Ruwan wanke-wanke? Gindin zogale. Ta riƙe baki ta ce, "Mama, kin san a birni har taro ake haɗawa a koya wa mutane wannan? Ku ba kwa zubar da komai." Na ce mata wanda ya ɗauko ruwa a ka ba ya buƙatar taro. Ta yi ta dariya. Ba muguwa ba ce, har ta taya ni surfe, ko da yake rabin masarar a ƙasa ta ƙare. Amma ta ɗauki hoton kwanukan nan a jere.

Bayan tafiyarsu surukata ta kawo mini waya. Ni ban san baƙi ba, ban san fari ba, ita ta karanta mini. Matar ta rubuta wa duniya cewa ta sami wani ƙauye inda maƙwabta ke ciyar da baƙo kyauta, wai kowa ya zo ya ga yadda ake zaman mutunci. Surukata murna take yi. Ni kuwa ji na yi kamar an yaye mini zani a kasuwa.

Daga nan baƙi suka ɓalle. Kusan kowace Juma'a sai mota ta tsaya. Ɗalibai, ma'aikata, wasu ko Hausa ba sa ji. Kwanuka kuwa ba su fasa ba. Na koma mai gadin ƙofa, kowace sallama sai na leƙa in ga ko kwano ne. A bakin rijiya matar liman ta ce, "Yaya, dangin nan naku ba sa ƙarewa? Ko kun haɗa jini da duk mutanen Kano ne?" Mata suka kwashe da dariya. Na ce, "Mutanen yaron ne." Ban yi ƙarya ba, ban kuma faɗi gaskiya ba, na ɗauki tuluna rabi na tafi.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce aminiyata, wadda katanga ɗaya ta raba mu. Shekara guda aka kawo mu unguwar, ita ta karɓi haihuwar 'ya'yana duka, ni na zauna da ita takaba. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta mata duk suna gidajensu, ita kaɗai take noma ɗan fegi a bayan gari. Na san abin da ke cikin rumbunta, don da ni aka yi gayyar zuba shi. Bai kai rabi ba a shekarar. Amma kwanonta ne ke fara zuwa. Ina kallo malmala uku ta koma biyu, miyar ta daina ganin mai.

Na yi dabara irin ta marar gaskiya. Na wanke kwanonta na cika shi da shinkafa na aika. Ba a jima ba ta leƙo ta katanga da kwanon a hannu.

"Yaya, tsufa ya fara kama ki. Kin manta shinkafarki a kwanona."

"Ba mantuwa na yi ba."

"To sayen tuwona za ki yi? Karɓi abinki, kar ki ɓata mini lada."

Na karɓa. Tun daga ranar abinci ya daina yi mini daɗi. Ina tunanin 'yan matan unguwa da ke da waya, wata rana ɗaya za ta ci karo da hoton nan, ta gane kwanon uwarta. Ina tunanin ranar da zan aika aron tsani a ce yanzun nan aka ɗauka. Abin da ya fi wannan ma, ni tsohuwa ce. Ranar da na cika, matan gidajen nan takwas ne za su wanke ni. Baƙon waya ba zai zo ya ɗaura mini likkafani ba.

Sai wata Hajiya ta zo, dattijuwa, ɗanta ya kawo ta ta sha iska bayan jinya. Aminiyata ta hango ta tana dogara sanda. Da azahar kwanon aminiyata ya zo da nauyi. Na buɗe, dahuwar kaza. Kaza ɗaya gare ta mai ƙwai, wake-wake, na san ta kamar yadda na san awakina, kullum sai na kore ta daga shanyata. Na rufe kwanon. Hajiyar ta ci ta yi ta sa albarka, ni ko kallon wurin ban iya yi ba.

Washegari da safe na yafa mayafi. Yaron ya tare ni a zaure.

"Inna, ina za ki?"

"Inda ya kamata ka je tun wata biyu. Ka wuce gidan mai unguwa ka faɗa wa maza. Ka rage ko kalma ɗaya, ban yafe ba."

Na sami aminiyata tana shiƙar dawa. Muka gaisa, ta tura mini kujera, na ƙi zama. Na ce, "Baƙin nan da kike ciyarwa, biya suke yi. Tun na farko. Kuɗin kwana da na abinci, yaron ke karɓa. Na sani, na yi shiru."

Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da shiƙa har ƙaiƙayi ya ƙare a faifan. Sannan ta ce, "Har mai sandar?"

"Har ita."

"Kina kallo na yanka kazata."

"Sai da ta dahu na gani."

"Amma kin ga tuwon da ya gabace ta." Ta ajiye faifan. "Da yunwa ce ta kama ku, Yaya, da rumbun gaba ɗaya na buɗe miki. Je ki. Ki faɗa wa sauran da bakinki, kar su ji a wurina."

Gida bakwai na shiga a ranar, ina maimaita magana ɗaya kamar mai tallan abin kunya. Wata ta yi salati, wata ta ce dama ta yi zargi. Matar liman ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "To ni ma ina da ɗaki a kulle, a turo mini masu kuɗin, in dai ba za su hana Malam barci ba." Bafulatanar bakin rafi ta ce nono dai ba za ta fasa ba, amma masu son ganin tatsa su zo rugar da ƙafarsu su saya.

Maza suka zauna a ƙofar mai unguwa. Abin da suka yanke shi ne baƙo ya zama iri biyu. Wanda ya zo don zumunci, kwanonsa na nan yadda aka gada. Wanda ya zo ta waya, girkinsa zai riƙa zagayawa gida gida, wadda ta dafa a ba ta haƙƙinta, ɗakunan kwana ma a riƙa juyawa. Aka sa yaron ya kai wa kowane gida masara daga gonarsa a ba da haƙuri. Gida biyar suka shiga tsarin. Uku suka ce su ba sa sayar da tuwo.

Aminiyata tana cikin ukun. Masarar ma ta ce a kai masallaci. Ba ta daina gaishe ni ba, da na yi zazzaɓi ta zo ta duba ni, amma a tsaye, mayafinta a ka. Hirar da muke yi ta katanga bayan la'asar ta mutu. Ba a hana mu aro ba, na gode wa Allah, sai dai har yanzu in na aika sai na ƙosa ɗan aiken ya dawo in ga ko da abin a hannunsa.

Da azumin bana ya wuce, ƙanena ya zo daga Kiru duba ni. Ya ajiye takalmansa a bakin zaure. Rana ta take, kwanuka suka fara shigowa, ina zaune ina sauraren katanga. Can na ji motsinta.

"Yaya."

"Na'am."

"Wannan na biya ne, ko na Allah?"

A shekara arba'in ba a taɓa yin wannan tambayar a unguwarmu ba. Na ce, "Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya."

Ta ce, "To." Na ji ta koma madafa tana hura wuta. Na zauna ina jira.