Azumin da Kakata Ta Ɓoye Maganin Idonta

Shekarun baya, ni ne babban ɓarawon ƙuli-ƙuli a Dauran, kuma a faifan kakata kaɗai nake aiki. Na gano cewa in na lallaɓo ta hagunta, ko ganga nake kaɗawa ba ta ganina. In ta gabanta na biyo kuwa, kafin in miƙa hannu ta ce, "Aje, angon banza!" Wata huɗu ina ci, ina ganin ni gwani ne.

Dariya ta ƙare mini ranar da ta yi karo da turmi a tsakar gida, turmin da ya girme ni a wurin, har ƙafarta ta fashe. Na je na faɗa wa mahaifina gaskiya duka. Ya ce maganar sata tana nan tana jirana, sannan ya ɗauke ta muka tafi asibiti a Kaura Namoda.

Likita ya auna, ya ce hawan jinin ido ne. Yana cin gani daga gefe a hankali, ba zafi ba ƙaiƙayi, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Idon hagu ya kusa tafiya, na dama ne za a ceta. Ya ba da maganin ɗigawa safe da yamma, kullum, ba fashi. Da na ji wai da an zo da wuri da an tsira da fiye da haka, sai ƙuli-ƙulin wata huɗu ya tsaya mini a wuya.

Komai na tafiya daidai har azumi ya kama. Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba, kowa a garinmu ya zama malami, har mai rake fatawa yake bayarwa. Wata maƙwabciya ta ce wa kakata ɗacin nan da take ji a maƙogwaro bayan ɗiga magani, ai karya azumi ne. Sai kwalbar maganin ta ɓace.

"Kaka, ina maganin?"

"Na aje shi sai bayan Sallah."

"Likita ya ce ba fashi."

"Likita shi za ya rama min azumin? Tashi ka ba ni wuri!"

Na birkice ɗakin kamar kaza na neman ƙwai, sai a kwana na uku na tono kwalbar cikin tukunyar daddawa. Ranar kasuwa na ɗare motar buhuna zuwa Kaura da azumi a bakina, na isa leɓena kamar tsohon takalmi. Likita ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Wa ya ce sai da rana? Ku ɗiga lokacin sahur, ku ɗiga bayan an sha ruwa. Ta rufe idon, ta danne gefen hanci na ɗan lokaci, ɗacin zai ragu." Na biya ta wurin limamin unguwarmu, ya ce wannan ba ya taɓa azumi ko kaɗan.

Na koma gida na faɗa wa kakata, duk da haka ta ce ita ta riga ta yanke. Ni ma na yanke. Da aka kira magariba na bari ta sha ruwa, sannan na rungume ƙwaryar furarta na koma bakin ƙofa.

"Ɗigo ɗaya, fura ta dawo."

"Wanga yaro, mi na yi maka? Ni ka yi wa garkuwa da hura?"

"Ido nake so ki gan ni da shi ranar aurena."

"Wa za ta aure ka da wanga kai kamar tulu?"

Tana zagina tana ɗaga fuska sama. Haka muka yi sauran kwanakin, sahur da magariba, ban bar ko ɗaya ya wuce ba.

Ranar duban watan Sallah muka fita fili a bayan gidanmu da ita. Sai da ta juya kanta gaba ɗaya tana lalube a sama. Can ta ɗaga sanda ta ce, "Ga shi can, siriri kamar kai."

Har yau idon daman nan yana aiki, kuma har yau tana ɗigawa. Abin da na koya shi ne, ciwon da ba ya zafi ya fi bukatar mai naci. Duk tsohon da kuka ga yana karo da kayan gidansa, kada ku ce tsufa ne, ku kai shi a auna masa ido tun yana gane fuskokinku.