Gogo Sittana, Sharafaddeen Ya Zo da Ƙafarsa

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Nuwamba, 2006, da hantsi, Allah ya karɓi ran Gogo Sittana Halliru a gidanta da ke Omdurman, bayan jinyar kwana tara. Aminiyar mahaifiyarmu ce, tare suka taso suna tsinkar auduga a gonakin Jazira.

Gogo, tun da aka kafa rumfar makoki nake jin ana cewa ke mai haƙuri ce, ba kya faɗa da kowa. Ni ban san wannan matar ba. Wadda na sani mafaɗaciya ce, kuma faɗanta ne ya ƙwato mana ƙanena Sharafaddeen.

Shekara ashirin da biyu kika yi kina aikin jinya a ɓangaren masu lalurar ƙwaƙwalwa. Da sojoji suka hau mulki aka kore ki tare da wasu, wai don maslahar jama'a. Kika ninke farar rigarki, kika shimfiɗa tabarma a zaure, kika ce ai jama'ar sun san hanyar gidanki.

A lokacin Sharafaddeen ya haura talatin. Ba ya kallon idon mutum, ba ya son a taɓa shi, ƙarar odar mota ɗaya takan sa ya durƙushe ya toshe kunnuwansa. Mu kuwa da farko muka ce aljanu ne, muka gama gidajen malamai da shi. Daga baya Kawu Dauda, yayan mahaifiyarmu, ya samo wata farar ƙwaya mai sa barci, muka riƙa ɗura masa safe da yamma. Gida ya yi tsit, muka ce an samu sauƙi. Shekara huɗu mutum yana kwance kamar buhun dawa, mu muna godiya.

Ranar da kika zo unguwarmu ta Alshajara kika gan shi yana zubar da yawu, ba ki ko sha ruwan da na kawo miki ba. Kika ce, "Mawahib, wa kuke yi wa magani, shi ko kunnuwanku?" Na ji kunya ƙwarai, har yau kuma ina jin ta.

Ke kika kai shi wurin likita a Soba, kika dawo kika yi mana bayani da Hausa. Galahanga ce, haka Allah ya halicce shi, ba ta da magani kuma ba hauka ba ce. Abin da ke cin sa fargaba ce, ita kuwa ana iya maganinta. Ba ki bari mun yanke farar ƙwayar lokaci ɗaya ba, kin ce hakan haɗari ne. A hankali aka janye ta bisa umarnin likita. Aka ba shi wata ƙwayar ta kullum don fargabar, aka fara da rabi, kika ce sai an yi makonni kafin a ga aikinta. Kawu ya ce maganin da ba ya aiki nan take ai alli ne. Kika ce masa addu'a ma ba a karɓar ta a ranar da aka ga dama, ya ci gaba da tofinsa, ke ki ci gaba da naki aikin.

Naki aikin kuwa shi ne motar haya. Kowace Asabar sai ki zo, ki sa masa auduga a kunne, ki ba shi carbi, ki ce ya ja numfashi a kan ƙwaya huɗu, ya sake shi a kan shida. Ku hau mota zuwa tasha ɗaya kacal, ku dawo a ƙasa. Wata guda ana tasha ɗaya. Unguwa ta yi ta dariyar tsohuwa mai yawon banza da ƙaton namiji, ke kuwa ko a jikinki. Sai da kuka yi wata goma sha huɗu kafin ya tsaya a tsakiyar babbar kasuwar Suk al-Arabi bai durƙushe ba. Yau shekararsa bakwai yana naɗin wayar injin fanka a wata warsha, wato shagon gyara, kuma babu wanda ya kai shi tsabtar aiki.

Ranar da kika rasu, ina shirin tafiya wankanki, Kawu ya zo da farar ƙwayar nan guda biyu a tafin hannunsa. Ya ce, "Ki ba shi ya kwanta, halas, shi ke nan. Gidan makoki akwai kuka da cunkoso, kowa zai ɗaga hannu ya yi Fatiha ya dafa kafaɗarsa. Zai ba mu kunya a gaban mutane." Ban taɓa musa wa Kawu ba sai ranar. Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, ba a ranar Gogo ba." Na faɗa wa Sharafaddeen gaskiya yadda kika koya mini: kin rasu, za a fito da ke bayan La'asar, za a yi ihu, za a taɓa shi, kuma in ya zauna a gida babu laifi. Na tafi cikin zullumi, don na san in ya fito ya faɗi a hanya, Kawu zai mayar da shi kan ƙwayar, kuma babu ke da za ki hana.

Mota biyu ce daga Alshajara zuwa gidanki, da canji a Suk al-Arabi, da tsallake gada. Bai taɓa yin wannan tafiyar shi kaɗai ba.

Da aka fito da ke a kan gadon igiya, ina tsaye a bakin ƙofa cikin mata, sai na hango shi. Auduga a kunne, carbi a hannun hagu, zufa ta jiƙa jallabiyarsa, leɓɓansa suna ƙirga. Ya kutsa cikin maza, kafaɗa na gugar kafaɗa, ya kama ƙafar gadon ta gaba. Mazan da suka dawo daga maƙabarta sun ce an yi ta karɓa-karɓa kamar yadda aka saba, amma shi bai saki ba har bakin kabari. Kawu ne ke bayansa, kuma bai ƙara tayar da zancen ƙwayar ba.

Allah ya jiƙan ki, Gogo, ya yalwata kabarinki, ya amintar da ke daga fargabar ranar tsayuwa kamar yadda kika rage wa wani bawansa tasa. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yarki Ni'mat da jikokinki, Allah ya ba mu haƙurin rashinki. Asabar mai zuwa Sharafaddeen ya ce zai je ya gaishe su, kuma ya ce kada in raka shi.